Ƙeyar Bahago

Shekara goma sha ɗaya Thurman Gaddis ya yi yana tsaron ƙeyar mutum ɗaya. Mutumin shi ne Pruitt, mai jifan ƙungiyarsu ta ƙwallon Amurka, wasan da ake jefa ƙwallo da hannu ana bangazar juna, kuma da hannun dama yake jifa. Duk mai jifa da dama, idan ya ja baya da ƙwallo yana neman wanda zai jefa wa, hagu yake juya wa baya, abin da zai taho masa daga can kuwa ba ya ganinsa, sai dai ya ji shi a haƙarƙari. Shi ya sa a cikin ƙattin nan biyar da ke jeruwa su zame wa mai jifa katanga, wanda ya fi kowa ake ajiyewa a ƙarshen hagu. Gaddis ne a wurin tun yana ɗan shekara ashirin da biyu. Ƙato ne baƙi daga kudancin Mississippi, mai faɗin ƙirji da ƙaramar murya, ba ya son hira da 'yan jarida, su ma ba su cika nemansa ba. A wannan sana'a, ranar da aka ambaci sunan ɗan katanga a rediyo, to ya yi ɓarna ne.

A watan Maris kafaɗar Pruitt ta ce ta gaji. Aka yi masa liyafa, ya yi kuka a gaban kyamara, ya koma garinsu yana tallar motoci. Sati uku bayan haka ƙungiyar ta ɗauko Jory Lindqvist, wani dogo mai jan gashi da ya yi shekara uku yana ɗumama benci a wata ƙungiya. Hannunsa na da ƙarfi, kansa na ja, ba ya girman kai. Bahago ne kawai.

Mutanen gari suka ɗauka ƙaramin abu ne. Waɗanda ke cikin gidan kuwa sun san aiki ya same su. Koci Belanger, mai tsara hari, ya ɗauki littafin dabarun ƙungiyar, dabara ɗari huɗu da wani abu, ya juya shi kaf. Wadda a da ake gudu dama ta koma hagu, wadda ake leƙa hagu tukuna a jefa dama ta koma akasin haka. Belanger mutum ne mai son a ce yana da basira, saboda haka juyin ya yi masa daɗi, har ƙiba ya yi a watan. Masu cafe ƙwallo su ne suka fara kuka. Ƙwallon bahago juyawarta daban, ta kan karkace ta inda hannu bai saba ba, sai ga gwanayen da ba a taɓa ganin ƙwallo ta suɓuce musu ba suna zubar da ita kamar garwashi. Aka kira mai kula da kaya ya juya ƙafafun injin da ke harba musu ƙwallo a atisaye. Na tsakiyar katanga, wanda ke miƙa wa mai jifa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, shi ma aka ce ya koyi murɗa ta ta ɗaya gefen don ɗinkin ƙwallon ya faɗa a yatsun hagu.

Gaddis ya ga duk wannan, ya kuma san inda za a ƙare. Ƙeyar bahago dama take kallo.

Koci Hruska, tsohon da ke horar da 'yan katanga, shi ya kira shi ofis wata safiyar Talata. Hruska bai iya kwana-kwana ba. Ya gaya masa ƙungiya ta ɗauko sabon jini da za a sa a hagu, tunda yanzu Lindqvist na kallon hagu da idonsa, ko an yi kuskure a can zai iya kaucewa. Dama ce ke bukatar wanda ya fi kowa. Malaki Seuli, ɗan Samoa da ya shekara shida yana riƙe da dama, zai koma benci.

"In ka iya dama, taka ce," in ji Hruska. "In ba ka iya ba, ban da inda zan sa ka. Hagu dai ta tafi."

"Zan iya, Koci."

"Gwiwar fa?"

"Wace gwiwa?"

Hruska ya yi dariya ya ce haka yake son ji, ya koma kan takardunsa.

Gwiwar hagu ce. Likitocin ƙungiya sun san da ita a matsayin tsohon ciwo, irin wanda kowa a gidan ke ɗauke da biyu ko uku. Abin da ba su sani ba shi ne shekara huɗu ke nan guringuntsin ciki ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi, kuma duk hutun kakar wasa Gaddis na zuwa wurin wani likita a kudu a zuƙe masa ruwa a asirce. Bai taɓa kwanciya a ɗakin jinyar ƙungiya ba. Kowane ɗan wasa ya san wanda ake yawan gani a kan gadon nan, sunansa na kan hanyar fita daga allon masu buga wasa. Kuma ciwon bai taɓa hana shi aiki ba, domin mai tsaron hagu da ƙafar dama yake tokare ƙasa ya tura jiki, ta hagu jefa ta baya kawai ake yi. A dama kuwa abin juyawa yake. Ƙafar da ta yi shekara huɗu tana fakewa, ita za a ɗora wa nauyin mutum mai kilo ɗari da arba'in sau sittin a kowace Lahadi.

Ya fara koyo kamar mai koyon rubutu da ɗaya hannun. Kansa ya gane abin tun ranar farko, jikinsa ne ya ƙi. A ce masa ja baya, sai ƙafar hagu ta riga tunaninsa tashi, ya harɗe, ya tafi taga-taga. Wanda ya fi kowa taimaka masa Malaki ne, mutumin da ya ƙwace wa wuri. Bayan an tashi atisaye sai Malaki ya tsaya da shi a gefen fili, ya durƙusa ya kama masa idon sawu da hannu yana gyara masa tsayuwa, yana cewa, "A'a yaya, nan. Ka bar ƙugunka a ƙasa." Da Malaki ya yi fushi ko ya daina gaishe shi, da Gaddis ya fi samun sauƙi. Bai yi ba. Kirkin mutumin nan ya dame shi ƙwarai.

Zuwa Yuli, da aka shiga sansanin horo cikin zafin nan mai sa hular kwano ta yi wari, ƙafafun sun koyi darasinsu. Gwiwar ce ba ta koya ba. Duk lokacin da ya tura da ita sai ta yi ɗan jinkiri, bai kai ƙiftawar ido ba, amma masu farautar mai jifa da wannan suke cin abinci. Boyd Lassiter, gwanin farauta na ɓangaren tsaron ƙungiyar, wanda a da in suka kara sau goma da kyar yake wuce Gaddis sau ɗaya, yanzu yana wuce shi sau huɗu. Yana wucewa sai ya ɗaga hannuwa sama ya zagaye Lindqvist yana murmushi, domin a atisaye mai jifa jar riga yake sawa, kuma wanda ya taɓa mai jar riga ya nemi wa kansa sallama. Saboda haka babu wanda ya faɗi, babu wanda ya ji ciwo, Lindqvist ma bai san an wuce ba.

A sati na biyu Gaddis ya samo dabara. Idan an kira wasan jifa, kafin a saki ƙwallo sai ya ajiye ƙafar dama a baya fiye da inda ta kamata, kamar taƙi guda. Ya riga ya ci rabin tafiyar ke nan tun ba a fara ba, gwiwar hagu ba sai ta yi wani turi mai ƙarfi ba. Idan wasan gudu ne, inda gaba zai tunkuɗa, sai ya bar ƙafar a mazauninta. Nan take Lassiter ya daina wuce shi. Hruska ya buga masa kafaɗa ya ce ai ya faɗa wa na sama tsohon hannu daban ne. Idon Hruska duk yana kan sabon da ke hagu, wanda ke yin kuskure uku kafin a sha ruwa. Gaddis kuwa ya yi shekaru da daina duba shi, yadda mutum ke daina taɓa ƙofar da ya san kullum a kulle take.

Lassiter ne ya gani. Wata rana a ɗakin cin abinci ya ajiye farantinsa na soyayyen kifi da wake kusa da na Gaddis, ya zauna, ya ci rabi, sannan ya yi magana bakinsa cike.

"Tsoho, ƙafarka ta cika surutu."

Gaddis ya ce bai gane ba.

"Ka gane mana. Ta ja baya, jifa. Ta tsaya, gudu. Jiya sau goma sha tara na canka, sau goma sha tara na ci. Ko kakata da ke Tulsa, da tabaraunta, za ta karanta ka."

"Wa ka gaya wa?"

"Ni? Ina ruwana. Kai na gaya wa. Amma wanda za a turo maka ran Lahadi ba zai ɗaga hannu ya zagaye jan kan nan ba."

Gaddis ya ce zai gyara kafin a fara kaka, ya roƙe shi ya bar maganar a tsakaninsu. Lassiter ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauke masa gurasar masara daga faranti, ya ce wannan ladan shirunsa ne.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa, ba za a ce bai yi ba. Kwana uku ya mayar da ƙafar inda ta dace, kwana ukun nan Lassiter ya yi ta wuce shi, har Belanger ya fara tsayawa a bayansu da hannu a ƙugu. A rana ta huɗu ƙafar ta koma baya. Ya gwada ja da ita a wasan gudu ma don a kasa bambancewa, sai ya zama ba ya isa wurin wanda zai tunkuɗa da wuri, mai gudu da ƙwallo ya yi ta karo da bayansa. Ya haƙura. Ya gaya wa kansa taƙi guda ne, a cikin hayaniyar mutum dubu sittin wa zai tsaya auna taƙi. Wasannin share fage kuwa ba a sa manya irinsa, ana adana su, don haka babu wata ƙungiya da ke da hotonsa a dama da za ta zauna ta nazarta.

Matarsa Corinne ta ga yadda yake hawa matakala a karkace, ƙafa ɗaya na jan ɗaya. Ta ce ya gaya musu. Ya ce in kaka ta ƙare. Ta ce haka ya ce bara, ta ci gaba da naɗe wanki, ba ta sake tayar da maganar ba.

Wasan farko a gida aka yi, Lahadi da ƙarfe ɗaya na rana, iska na tasowa daga tafkin garin. Kashin farko cikin kashi huɗun wasan ya tafi lafiya lau. Littafin Belanger da aka juya ya yi aiki, Lindqvist na gangarawa hagu yana jifa, baƙin da suka zo karawa da su sun rasa inda za su tare. Masu cafe ƙwallo sun saba da juyin bahago, babu wadda ta faɗi. Wanda aka sa ya fuskanci Gaddis wani siriri ne mai lamba casa'in da huɗu, mai dogayen hannuwa, ba ya zagi, ba ya surutu. Gaddis ya tare shi sau takwas a jere, har ya fara jin wataƙila Lassiter ya cika baki ne.

A tsakiyar kashi na biyu ya lura mutumin ya daina kallon ƙwallo kafin a sake ta. Ƙasa yake kallo. Can sai ya ga ya ɗaga hannu ya dafa saman hularsa sau biyu, na bayansa suka ja da baya suna jiran jifa. Wasa na gaba na gudu ne, mutumin bai dafa hula ba, duk suka matso gaba suka cushe hanya. Gaddis ya sha jinin jikinsa. A hutun rabin lokaci Belanger ya yi ta faɗa yana cewa an sace masa alamun da yake yi daga gefen fili, ya sa aka canza su duka, aka kawo tawul biyu ana kare shi in zai yi magana. Gaddis na zaune da ƙanƙara a wuya yana jinsa, ya bar laifin a kan alamun.

Saura minti huɗu a tashi, baƙi na gaba da maki uku, ƙungiyar na bukatar ta ci yadi tara gaba a yunƙuri na uku cikin huɗun da doka ta ba ta kafin ƙwallo ta koma hannun baƙi. Aka kira jifa mai nisa, irin wanda sai mai jifa ya jira. Gaddis ya ajiye ƙafarsa a baya. Casa'in da huɗu bai ko dafa hula ba. Ana sakin ƙwallo ya fita da gudu ta waje, Gaddis ya bi shi, ya riga shi isa ma, sai mutumin ya taka birki ya yanko ciki. Komawa ciki da ƙafar hagu ake yi. Gaddis ya dasa ta, ya ce mata tura, ta ƙi. Yana juya kai sai ya ga bayan Lindqvist, lamba bakwai, a tsaye kyam, hannun hagu a sama, hankalinsa kwance. Ƙarar karon da mutumin ya yi masa har saman rumfar 'yan kallo an ji ta. Ƙwallo ta yi tsalle, baƙi suka kwanta a kai ta zama tasu, suka riƙe ta har aka tashi.

Haƙarƙari biyu suka tsage. Likita ya ce da allura da ɗauri Lindqvist zai iya buga wasan mako mai zuwa.

Litinin da safe, kamar kowace Litinin, duk 'yan hari suka taru a ɗaki mai kujeru hawa-hawa don kallon hoton wasan. Ana kashe fitila, koci ya riƙe ɗan abin nuni mai jan haske, a bi wasa ɗaya bayan ɗaya, a tsayar, a mayar baya, a kira sunan mai laifi a gaban kowa. Belanger bai fara daga farko ba. Ya tsallaka kai tsaye zuwa wasan da ya kashe su, ya nuna shi sau uku, yana ƙirga daƙiƙa da baki. Uku da rabi. Ya ce babu ɗan katangar da aka haifa da zai riƙe mutum daƙiƙa uku da rabi a yunƙuri na uku, ga mai cafe ƙwallo nan a buɗe a kusa tun a daƙiƙa ta biyu, me ya hana a ba shi. Jan hasken ya tsaya a kan hular Lindqvist.

Lindqvist na zaune a layin gaba, a miƙe saboda ɗaurin, yana numfashi kaɗan-kaɗan.

"Laifina ne, Koci," ya ce. "Na ga na kusan. Na nesan nake so. Na ce bari in ƙara jira, ai Gaddis ne a bayana."

Ba don ya faranta wa kowa ya faɗa ba, bayani kawai yake yi. Belanger ya ce to daga yau ya daina jira, ya ɗaga abin nunin zai wuce. Maganar ta mutu ke nan. Hruska na rubutu a takarda, Malaki na gefen Gaddis yana ɓare ayaba. Mako mai zuwa wata ƙungiya ce, kuma a daidai wannan lokacin masu nazarinta na zaune a nasu ɗakin da wannan hoton a gabansu.

"Koci, a mayar baya," in ji Gaddis.

Ƙaramar muryarsa ce, sai da ya maimaita. Belanger ya juyo yana neman mai magana a cikin duhu.

"Kafin a saki ƙwallo. A tsayar a nan. A dubi ƙafata ta dama."

Aka tsayar. Jan hasken ya sauko daga hular Lindqvist, ya yi yawo, ya sami ƙafar. Gaddis ya ce a kawo wasan da ya gabace shi, na gudu. Aka kawo. Ya ce a kawo na gaban wancan. Hruska ya ajiye alƙalaminsa, ya tashi ya karɓi abin nunin daga hannun Belanger ba tare da ya nemi izini ba, ya koma farkon kashi na biyu. Bai bari ko wasa ɗaya ya gudana ba. Ya tsayar, ya dubi ƙafar, ya ce jifa, ya saki, jifa ne. Ya tsayar, ya ce gudu, gudu ne. A na shida sai wani daga baya ya riga shi faɗa a hankali, a na bakwai rabin ɗakin. A na goma aka ga casa'in da huɗu yana dafa hularsa. Belanger, mai tawul biyu, ya zauna.

"Tun yaushe?" in ji Hruska, idonsa a kan allo.

"Yuli."

"Gwiwar ce?"

"Ta hagu. Shekara huɗu."

Lindqvist ya yi ƙoƙarin juyowa ya dube shi, ɗaurin ya hana, ya koma yadda yake. Kunya ce ta kama Hruska, tasa ta kansa, kuma tsohon bai iya kunya ba sai ta zame masa gajeriyar magana.

"Malaki, Laraba kana dama. Gaddis, in an tashi ka ga likita."

"To, Koci," in ji Malaki. Ayabar na hannunsa, bai ci ba, bai ajiye ba.

Hruska ya mayar wa Belanger abin nuninsa. Ba a fita daga ɗakin nan sai hoto ya ƙare, kuma ba a ko fara ba. Belanger ya koma wasa na ɗaya. Gaddis ya gyara zama, ya miƙe ƙafar hagu a ƙarƙashin kujerar gabansa, yanzu ba sai ya ɓoye ba, ya kalli kansa a allo yana tare casa'in da huɗu sau takwas a jere. Babu wanda ya tsayar da hoton a kansa.